Yadda na fara kai mutane yawon gulbi a fadamar Rima

Shekara huɗu ina bin hanyar nan ta jami'ar Danfodiyo a Sakkwato, daga Runjin Sambo a ratsa fadama ta Kwalkwalawa a haye gada har Dundaye, safe da yamma, amma wallahi ban taɓa kallon gulbin nan da wani ido ba, iyakaci in an zo wajen masu kifi mutum ya leƙa ko akwai tarwaɗa mai araha. Sai a 2018 da na raka kawuna Yamai, muka fita ta Illela muka shiga Konni, Dogonduci, Dosso, saura kamar kilomita 60 mu shiga Yamai ya ce direba ya tsaya a wani gari Kure zai nuna min abu. Raƙuman dawa ne. Ba gidan zu ba ne kuma ba waya aka zagaye su da ita ba, cikin gonakin mutane suke yawonsu suna miƙa wuya suna cin ganyen itatuwa. Sun yi kyau ba ƙarya, amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne saurayin da ya shiga motarmu ya kai mu wajensu, ɗan ƙauyen ne, ba a shiga sai da ɗan rakiya irinsa, an biya an ba mu rasit, ya san inda suke kwana ya san wadda ta haihu. Shi ya gaya mana a 1996 ba su kai 50 ba, yanzu sun haura 600, duk da suna yi wa manoma ɓarnar wake. Na ce to me ya hana a kashe su? Ya ce saboda yanzu akwai mai ci da su.

Wannan maganar na dawo da ita gida na yi ta juyawa. Daga baya na gane abin har suna gare shi a duniya, yawon buɗe ido na muhalli, wato ka je ka ga daji ko ruwa ko dabba ba tare da ka ɓata wurin ba, kuma kuɗin da ka kashe ya tsaya a hannun mutanen wurin. Ƙasashe masu zafi irin namu da yawa da shi suke ci, Ruwanda dala 1,500 take karɓa a kan mutum ɗaya kafin ya hau dutse ya ga goggon biri, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandun dajin ana mayar wa ƙauyukan da ke kewaye. Sai kuma a watan Agustan 2020 aka kai hari a Kure ɗin nan aka kashe mutum takwas, shida Faransawa biyu 'yan Nijar, aka rufe wurin. Na daɗe ina tunanin saurayin nan. Sana'ar da ta dogara da Bature rana ɗaya take mutuwa, ga korona ma ta nuna haka a shekarar. Don haka tun farko na yanke cewa in zan yi, kwastomomina 'yan gida ne, ɗalibai, ma'aikata, 'yan bautar ƙasa, likitoci da nas-nas da ake turowa Sakkwato su shekara ba su san komai ba sai ofis da gida.

Da hunturun 2022 na fara fita neman wuri. Bayan sallar asuba in hau mashin ɗin ƙanena in bi gefen fadama, in ajiye shi in taka da ƙafa, waya a hannu ina ɗaukar hoto. Na samu wani lungu da ruwa ke kwanciya bayan gulbi ya ja, ga bado ya rufe rabinsa ga giginyu a tsaye ga gonakin albasa da tafarnuwa har bakin ruwa, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba don ban nemi izininsu a kan haka ba. Kwana uku ina zuwa, a na huɗu ina tsugune ina ɗaukar wasu kirinjijiya sai na ji mutane a kaina, samari biyar, ɗaya da gora. Suka ce in miƙe. Wani ya ce "kai wa yat turo ka? mi kaka ɗauka kullum da sahe?" Na ce tsuntsaye. Ba wanda ya yi dariya. A lokacin nan da ake fama da 'yan bindiga a gabashin jiha kuma kowa ya san ɓarnar da infoma ke yi, baƙo ya riƙa zuwa da asuba yana ɗaukar hoton hanyoyin gari ba ƙaramin abu ba ne, kuma gaskiyarsu ce ɗari bisa ɗari. Sai da na buɗe musu wayar suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, na nuna katin ɗan ƙasa, na kira babana ya yi magana da babbansu, sannan suka bar ni na tafi.

Da dare Baba bai yi min faɗa da ƙarfi ba, cewa kawai ya yi "ka taɓa ganin an shiga gidan mutum ta katanga an ce an zo da alheri? da ɗan gari akan ci gari." Ya nemo wani abokinsa da ke sayen albasa a yankin tun ban san kaina ba, ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi mu uku da ƙwaryar goro wajen mai gari. Muka cire takalma muka zauna a ƙasa, aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gida ina sanyi ina ruwa ina jama'a, ni dai ban buɗe baki ba sai da aka ce in yi bayani. Na ce ranka shi daɗe so nake in riƙa kawo baƙi daga birni su shiga kwalekwale su ga gulbi da tsuntsaye su ci abincin gari su biya. Ya yi shiru ya kalli babana ya ce "Alhaji, wanga ɗa naka lahiya tai lau? mutum shi biya kuɗɗi don shi ga balbela?" Aka yi dariya. Amma da aka natsa ya yi tambayoyi uku da har yau su ne ginshiƙin aikin, wa zai ɗau alhaki in wani ya faɗa ruwa, wace irin shiga baƙin za su yi, kuma mi gari zai samu. Na ce a ba ni mako biyu in dawo da amsa. Ya ce in je in ga Sarkin Ruwa, in shi bai yarda ba to babu magana.

Sarkin Ruwa dattijo ne Basarke, wato masuncin gado, siriri, hannunsa duk kanta saboda jan koma. Shi ne makarantata. Na yi kusan wata ina bin sa a kwalekwale ba tare da na kawo kowa ba, ni ina da manhajar Merlin a waya mai gane tsuntsu, shi kuma yana da shekara sittin a ruwa, kuma sau da yawa kafin wayar ta gama juyawa ya gaya min wane ne, me yake ci, yaushe yake zuwa yaushe yake tafiya. Ya nuna min zalɓe a tsaye kamar an dasa shi, da ɗinya, da wani mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado bai nutse ba, da wani baƙi da fari da ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa ya fito da ɗan kifi a baki. Akwai wani ɗan ƙarami mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya, ya ce wannan baƙon hunturu ne, da zafi ya kama ba ka ƙara ganinsa. Na ce Baba ka san daga ina yake? daga Turai, hamadar Sahara yake ƙetarowa duk shekara. Ya riƙe baki ya ce "ɗan wanga abu? Allah mai iko." Na tambaye shi gauraka, ya ce suna yara garke-garke suke gani a fadamar nan, yanzu ya manta rabon da ya ji kukanta.

Ranar da na fara yi masa dogon bayani a kan kare muhalli irin na littafi katse ni ya yi. Ya ce ɗana ku kun ɗauka yau aka fara? ya ce su tun kakanni akwai gurbin da ake hana su a cikinsa sai lokaci ya yi Sarkin Ruwa ya buɗe, wanda ya saci jiki ya shiga a ci shi tara. Ya ce je ka Argungu ka gani, gulbin Matan Fada ba a taɓa shi sai ranar biki shi ya sa ake fitar da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Kuma haka ne, bikin nan tun 1934 ake yin sa, UNESCO ma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ga shi nan kusa da mu. Daga ranar na daina zuwa musu da wa'azi.

Maganar takardu ba ta ba ni wahala sosai ba. Na yi rijistar sunan kasuwanci da hukumar CAC ta intanet, a lokacin sai ka ba da suna biyu a duba ko wani bai riga ka ba, ka sa lambar NIN da hoto da adireshi da irin sana'ar, ka biya, satifiket ya fito ka sauke. Da shi na buɗe asusun banki na kasuwanci don kada kuɗin mutane ya cakuɗe da na cefane. Na kuma rubuta takarda na kai ofishin 'yan sanda na yankin da wajen shugaban 'yan sintirin garin, duk ranar da za mu fita ina tura musu adadin mutane da lokacin dawowa.

Inda aka kai ruwa rana shi ne rigar ceto, laif jaket. Duk wanda ke Sakkwato ya san yadda kwalekwale ke cin rayuka, na Shagari a 2022 bai daɗe da faruwa ba lokacin, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, ba mai riga. Na sa wani abokina a Legas ya nemo min gwanjo guda 12 ya sako a mota, kusan duk jarina a nan ya tafi. Masu tuƙin su biyu suka ce su ba za su sa ba, abin kunya ne Basarke ya ɗaura wannan abu a gaban yaran gari. Na ce ni ba don ku ba ne, in baƙo ya ga mai tuƙi bai sa ba shi ma cirewa zai yi. Sai da Sarkin Ruwa da kansa ya ɗauki ɗaya ya zura a kan rigarsa ya zauna a gindin giginya yana ta hira kamar ba komai, sannan suka ɗauka. Muka kuma yi ƙa'ida, jirgin da suke loda mutum goma sha ranar kasuwa mu mutum biyar ne da mai tuƙi, ko ɗan wa ye.

Sai zaman kuɗi, wanda shi ne zuciyar abin gaba ɗaya kuma shi ne mutane ba sa son a yi maganarsa a fili. Mun yi shi a zauren mai gari da dare da fitilar waya, ni da littafi da biro. Na ce kowane baƙo zai biya 5,000, kuma ga yadda za a raba, na karanta da ƙarfi kowa ya ji. Kwalekwale biyu 4,000 kowanne, wanda ya fi abin da suke samu a safiya guda ta kamun kifi in ba sa'a aka taka ba. Yara biyu masu nuna hanya da tsuntsu 1,000 kowanne. Mai gonar da za mu ratsa ta bakin gonarsa 1,500. Abinci 800 duk mutum. Sannan kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka tara ya shiga asusun gari, a hannun mutum uku da gari ya zaɓa ba a hannuna ba, wannan kam daga Ruwanda na kwaikwayo. Wani dattijo ya ce to kai nawa za ka ci? Na ce abin da ya rage bayan na biya keke napep da ruwan sha, in mutum tara ne zai kama wajen 10,000, a ciki zan mayar da kuɗin riguna. Ya ce a rubuta shi ma. Aka rubuta. Ina ganin wannan tambayar da amsarta su suka sa aka yarda da ni fiye da goron da muka kai.

Abinci kuwa da farko niyyata in yi oda daga wani gidan abinci a birni a zuba a tekawe, matar yayana ce ta ce min in haka ne me ka kai musu kenan? Sai mai gari ya haɗa ni da wata Inna, mijinta ya rasu tana riƙe da jikoki. Ta bayan zana muka yi magana. Na ce Inna masa nake so da miyar taushe da soyayyen kifi da fura, ta ce "ɗiyan birni na cin abincinmu?" na ce shi za su biya ma. Na ba ta rabin kuɗin tun jajibiri, na saya mata kwanonin silba da cokula don ba na son roba ko leda ta shiga wurin.

Fitar farko ta kama wata Asabar a ƙarshen Janairun 2023, daidai lokacin da aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira. Baƙi duk transfa suka yi min, mutanen gari kuma ba mai asusu sai ɗaya, sai da na kwana biyu ina zagayen masu POS daga Gawon Nama har Mabera ina sayen kuɗi da kuɗi don dai in sallami kowa a hannu ranar. Mutum tara suka zo, 'yan bautar ƙasa huɗu, nas biyu, wani malamin jami'a da matarsa, da wani ɗan kasuwa da ya ce shi haifaffen Sakkwato ne amma bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Ƙarfe shida da rabi muna bakin ruwa, hazo ya kwanta, sanyi har cikin ƙashi, masu ban ruwan albasa sun tada injinansu can nesa. Aka tura jirage. Minti goma na farko surutu ne da ihu da hoto, sai Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, muka zagaya bayan wata ciyawa, kawai sai garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya a kanmu da wannan fito nasu, sun fi ɗari, rana tana fitowa ja ta cikin hazo a bayan giginyu. Matar malamin nan na ji tana ta subhanallah a hankali. Ɗan kasuwan ya juyo ya ce min "yanzu wanga abu nan garinmu shi ke?" Ɗaya daga cikin nas ɗin ta ce ita shamuwa take son gani, Sarkin Ruwa ya ce "ɗiyata shamuwa da ɗari? ki dawo in ruwa ya kusa sauka."

Matsalar a tudu ta same mu. Muna dawowa ta gefen gona biyu daga cikin samarin suka hango inda hoto zai yi kyau suka faɗa cikin fangalin albasa da aka yi wa ban ruwa da asuba, suka tattake kusan fangali uku kafin in ankara, ni ina can baya ina tattara riguna. Kuma ba gonar wanda muka biya ba ce, ta maƙwabcinsa ce. Kafin a gama wannan wata ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyon matan da ke wanki a mashaya ba ta tambaye su ba, wata tsohuwa ta taso tana faɗa. Mai albasan ya zo jikinsa na rawa, bai zagi kowa ba, ya tsuguna yana tada shukar ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana cewa wata biyu yana wahala a kanta. Wannan hoton bai bar idona ba har yau. Laifina ne, ban yi wa baƙi bayani kafin a sauka ba kuma ban sa yaro a gaba ba. Muka koma zauren mai gari, aka kira mutum biyu suka kimanta ɓarnar 5,000, na biya nan take, yarinyar ta goge bidiyon a gaban tsohuwar ta ba ta haƙuri. Masar Inna ce ta gyara ranar, an cinye tas har ana tambayar ko da saura, ta leƙo ta bayan zana tana murmushi da na miƙa mata cikon kuɗinta.

Tun daga nan kafin kowa ya hau keke sai na karanta masa sharuɗɗa, kuma ina turawa a guruf ɗin WhatsApp tun daren. Ba a taka gona, ba a ɗaukar mutum hoto sai ya yarda, mata kuwa ko tambaya ba a yi sai in mace ce za ta je ta nemi izini, ba sifika ba kiɗa, shiga ta mutunci, kuma ba a raba wa yara kuɗi. Wannan ta ƙarshen wasu suna jin haushinta, suna ganin rowa ce ko hana alheri, amma na ga yadda a fita ta uku yara suka fara bin mu da "a ba mu na alawa" har wasu suka ƙi zuwa makarantar allo, mai gari da kansa ya ce a hana. Mai son ya yi alheri ga asusun gari nan, ko ya sayi albasa da tafarnuwa da busasshen kifi a hannun masu shi, kuma ana saye sosai, wata rana cinikin da ake yi a bakin ruwa ya fi abin da na tara gaba ɗaya. Ruwan leda na daina kawowa, jarka nake cikawa da kofuna, duk da haka in za mu tafi sai mun tsince ledar da muka tarar, buhu guda ba ya kasa cika.

Daga baya na ƙara da tsayawa a Madunka in an dawo birni, wajen masu aikin fata. Da yawa ba su san fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake ke ƙetara hamada da ita tun da can har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko ba, kuma da bagaruwar da suka wuce a fadama da safe ake jeme ta. In mutum ya ga itacen da safe ya ga jakar da rana ba ya yin ciniki mai tsanani. Ba na karɓar la'ada a wajen madunkan, na dai roƙe su kada su ƙara wa baƙona kuɗi.

Ba zan ce mun ceci fadama ba, ƙarya ne. Mutum kamar tara sau biyu a wata ba za su hana mai kamun kifi da gidan sauro ya kwashe 'ya'yan kifi ba, ba za su hana sare gawo a yi gawayi ba, kuma manomin shinkafar da jan baki ke cinye wa gona ba ruwansa da wai tsuntsu abin kallo ne, yaransa tun asuba suke gona da gwangwani suna kora, in ka ce masa ya so tsuntsu ka zalunce shi. Abin da na gani da idona ƙarami ne. Ɗaya daga cikin yaran da ke mana jagora da shi ne gwanin danƙo da tarko a garin, kirinjijiya yake kamawa ya sayar a bakin titi, yanzu shi ke zuwa tun jajibiri ya duba inda suka sauka, kuma shi ke korar ƙannensa daga wannan lungun don in suka watse ranar Asabar ba shi da dubu ɗayarsa, wadda yanzu ta koma 2,500. Lungu ɗaya ne tak, sauran fadamar tana nan yadda take.

Sana'ar kuma ta wata huɗu ce, Nuwamba zuwa Fabrairu. Da Maris ya raba zafi ya sauko, a Afrilu kowa ya san Sakkwato sama da digiri 40 ne, tsuntsayen baƙi sun tafi ruwa ya ƙafe. Da damina kuwa ko nawa za a ba ni ba na sa mutum a jirgi, wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ya san Rima ba abokiyar wasa ba ce. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin keke, dole na ƙara farashi, ɗalibai suka ragu sosai, har na koma ware musu Asabar ɗaya a wata da ba na cin ko sisi a kai. Kullum ana tambayata yaushe za mu je kufan Surame na Kanta, ko madatsar Goronyo, ko Alkalawa, ko hubbaren Sarkin Musulmi Bello a Wurno. Ina son zuwa fiye da masu tambayar, Surame tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, ganuwar dutse a tsakiyar daji, amma ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in bi hanyar da ni kaina sai na yi ta kiran waya kafin in bi ba. Mai son tarihi ina kai shi Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari, sauran sai Allah ya kawo zaman lafiya.

Makon jiya na koma garin don shirin bana. Mutum ukun nan masu riƙon asusu suka fito da littafinsu, kuɗin hunturu biyu sun gyara famfon burtsatsen da ya shekara a lalace, saura kaɗan, ana gardama tsakanin a sayi tabarmin masallaci ko a haƙa masai kusa da mashaya, ni dai na ce masai saboda baƙi mata suna shan wahala amma ba ni da ƙuri'a. Jirgi ɗaya ya fara shan ruwa ta gindi, kafinta ya ce sai an canja katako biyu, mun yi da mai shi zan ba da rabi a riƙa cirewa a hankali. Riguna uku igiyarsu ta tsinke na kai wa wani baduku ya ɗinke. Inna ta aiko jikanta ya ce min bana masa ba za ta yiwu a tsohon farashi ba shinkafa ta hau, na ce ta faɗi nata. Sarkin Ruwa kuma ƙafa ta matsa masa, ya ce ɗansa ne zai riƙa fita da mu, amma in zo ranar Laraba da asuba mu zagaya tare ya nuna min inda ruwa ya canja hanya bana.